Don Sahara Ta Taɓa Yin Kore, Sai Mu Naɗe Hannu?



A makon jiya wata ƙanwarmu ta kawo mana gajeren labari a wannan zaure, a kan wata mata da ambaliya ta ci gidanta, ta kwana uku da 'ya'yanta a kan rufin makaranta. Labarin yana da kurakuransa irin na mai koyo, kuma an gyara mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shawarar da wani yayanmu ya ba ta. Ya ce ta cire zancen sauyin yanayi daga labarin baki ɗaya, wai surutun Turawa ne. Hujjarsa ita ce duniya dama haka take juyawa tun fil'azal, ta yi sanyi ta yi zafi, har hamadar Sahara ma da can dausayi ce, kuma a lokacin babu mota babu masana'anta. Mutane da yawa suka yaba masa. Yarinya ta yi godiya, ta ce za ta cire.

Ƙanwata, kada ki cire. Yaya, da dukkan girmamawa, ka faɗi gaskiya a farkon maganarka, amma hukuncin da ka ɗora a kanta bai zauna ba. Kuma tun da wannan magana ta zama ruwan dare a majalisu da gidajen rediyo, gara mu zauna mu warware ta.

Zan fara da ƙara wa Yaya hujja, don kada a ce na tauye shi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, wanda yanzu yake cikin jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale a binne. Tsawonsa ya haura mita 8, kuma gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa tonowa a Afirka da ya kai shi tsufa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, babbar ta haura mita 5. A Gobero, cikin hamadar Tenere, an gano maƙabarta a shekarar 2000, da ƙasusuwan mutane da na dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau ko kaza ba za ta samu abin sha ba. Tafkin Chadi kuwa ya taɓa kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000. Tudun yashin nan da ya ratsa ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Duk wannan gaskiya ne, kuma masana kimiyyar yanayin da Yaya yake ƙaryatawa, su da masu tonon kayan tarihi, su ne suka gano mana shi.

To sai me? Abin da wannan tarihi ya tabbatar shi ne yanayi yana iya sauyawa ba tare da hannun mutum ba. Bai ce komai ba a kan ko mutum ma zai iya sauya shi. Tsawa tana tayar da gobara a daji tun kafin a ƙirƙiro ashana. Idan kasuwa ta ƙone aka ga jarkar fetur a bakin rumfa, wane alƙali ne zai sallami wanda ake zargi don kawai tsawa ma tana kunna wuta? Mutane suna mutuwa da ajalinsu kullum, amma hakan bai sa an rufe kotun da ke shari'ar kisan kai ba. Ana bin sawu ne, a duba wannan gobarar ta yau me ya tayar da ita.

Mu bi sawun. Juyin da duniya take yi na ɗabi'a yana da sanannun dalilai, kuma kowanne ana iya auna shi.

Na farko shi ne yadda duniya take kewaya rana. Hanyar kewayawar tana ɗan miƙewa tana dawowa cikin kimanin shekara 100,000, karkatar duniya tana ƙaruwa tana raguwa cikin shekara 41,000, sannan tana layi irin na katantanwar yara cikin shekara dubu ashirin da 'yan kai. Wani masani ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milankobic, shi ya yi lissafin wannan a farkon ƙarni na 20. Wannan juyi shi ya ƙarfafa damina har Sahara ta yi kore, shi ne kuma ya janye ta kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Amma abu ne mai tafiyar hawainiya, ba ya yin komai na a zo a gani cikin shekara ɗari. Kuma a 'yan dubban shekarun nan, inda ya dosa shi ne sanyaya duniya a hankali.

Na biyu ita ce rana kanta. Tun 1978 taurarin ɗan'adam suke auna ƙarfin haskenta. Yana ɗan hawa yana sauka duk shekara 11, amma bai ƙaru ba, alhali zafin duniya yana ta hawa. Akwai ma wata shaida da ta fi wannan ƙarfi. Da rana ce ta ƙara wuta, da sararin sama zai ɗumama daga can ƙoli har ƙasa. Abin da aka auna shi ne ƙasa-ƙasa yana ɗumama, can sama kuma yana ƙara sanyi. Haka abin yake kasancewa idan wani abu ne ya tare zafin a ƙasa ya hana shi fita, kamar yadda bargo yake yi.

Na uku duwatsu masu aman wuta. Babban amansu sanyaya duniya yake yi na ɗan lokaci: da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe a 1991, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Iskar kabon da dukkan duwatsun duniya suke fitarwa a shekara kuwa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wadda mutane suke fitarwa ba.

Saura wa? Saura iskar kabon da ke fita idan an ƙona kwal da fetur da gas. A Antaktika an haƙo ƙanƙara mai zurfin kilomita uku, wadda ta riƙe ƙananan kumfan iskar zamanin dā, har na shekara 800,000 baya. A duk tsawon wannan lokaci, cikin sanyi da zafi, iskar kabon tana kai kawo ne tsakanin kashi 180 zuwa 300 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. Da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya samu 315. Yau ta haura 420. Mun san daga ina ƙarin ya fito, domin ana rubuta yawan kwal da man da ake haƙowa ana sayarwa, kuma hayaƙinsu ya kai tan biliyan 37 a shekara. Ko a ɗakin gwaji ma, kabon ɗin da ya ƙaru a sama yana ɗauke da alamar tsohon tsiro da ya daɗe a binne, wato ainihin abin da kwal da fetur suke.

Masu cewa wannan sabuwar dabara ce da Turawa suka ƙirƙiro don hana mu ci gaba, su duba shekaru. Wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta nuna a 1856 cewa iskar kabon tana riƙe zafi. Svante Arrhenius na Suwidin ya yi lissafin yadda ƙaruwarta za ta ɗumama duniya a 1896, kafin Lugga ya ci Kano da Sakkwato. Kuma masanan kamfanin mai na Exxon da kansu sun yi hasashen wannan ɗumama tun ƙarshen shekarun 1970, hasashen ya kuma yi daidai da abin da ya faru, duk da haka kamfanin ya shafe shekaru yana shuka shakku a zukatan jama'a. Idan akwai zancen da aka shigo mana da shi daga waje don amfanin wasu, to zancen "duniya dama haka take" ne. Yaya, kayan da ka ɗauko ma na Turawa ne, sai dai na masu rijiyar mai.

Wani zai ce, to ko da hannunmu a ciki, tun da duniya ta ga wanda ya fi wannan, mene ne abin damuwa? Abin damuwa shi ne sauri. Lokacin da duniya ta fito daga zamanin ƙanƙara na ƙarshe, ta ɗumama da kamar digiri 5 zuwa 6, amma cikin kusan shekara 10,000. Yanzu ta ɗumama da fiye da digiri ɗaya cikin shekara 150, kuma mafi yawansa daga 1970 zuwa yau ne. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da kusan digiri 1.55 sama da na kafin masana'antu. Wanda ya sauko daga bene ta matakala da wanda aka turo ta taga duk ƙasa suka iso, amma ɗaya ne kawai zai tashi ya kakkaɓe riga.

Sannan ku tambayi kanku, ina mutanen Gobero suke yau? Tafkinsu ya ƙafe, suka watse. Su 'yan kaɗan ne, suna iya ɗaukar ƙugiyarsu su bi ruwa duk inda ya nufa, babu iyaka, babu biza, babu mai gona da zai tare su. Yau mu fiye da biliyan 8 ne, kowace fadama da mai ita. Kano ba za ta naɗe Kurmi da Kwari ta yi ƙaura ba. Makiyayin da ya gangara kudu neman ciyawa kun san abin da yake tararwa, da abin da ake tararwa daga gare shi. Tarihin Sahara gargaɗi ne a gare mu: idan ɗan karkacewar duniya ya isa ya mayar da mazaunin dorina tudun yashi, yanayi abu ne mai saurin fushi, bai kamata a tsokane shi ba.

Na kan ji masu cewa duniya ba za ta ƙare ba saboda wannan. Haka ne. Dutsen Dala zai nan, ko zafi ya kai ina. Amma wa ya ce dutse muke wa kuka? A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata mutum 130 ne a watan gaba ɗaya. Masana da suka bincika sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba. Bayan wata biyu, a aikin Hajji, zafi ya kusa digiri 52 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu. A watan Satumba ruwa ya rusa tsohon masallacin Damagaram wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Ranar 10 ga watan kuma madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa.

Wani zai yi dariya ya ce, ku tsaya wuri ɗaya mana, ɗumamar nan fari take kawowa ko ambaliya? Duk wanda ya taɓa shanya kaya a watan Afrilu ya san amsar. Iska mai zafi ta fi shan ruwa: kowane digiri ɗaya yana ƙara mata ikon ɗaukar tururi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Tana tsotse ƙasa da sauri, idan ta tashi saki kuma ta sake shi a lokaci guda. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadari masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Manomi bai karanta mujallar ba, amma ya san ruwan da ya kamata ya sauka cikin wata guda yanzu yana iya sauka a dare ɗaya, ya wanke taki, sannan a yi sati uku ana kallon sama gero yana naɗe ganye.

Yanzu bari in juyo kan namu ɓangaren, don mu ma muna da laifi, kuma laifinmu ne yake ba irin su Yaya ƙarfi. Akwai masu ɗora komai a kan sauyin yanayi, kamar yadda ake ɗora wa mayu. Madatsar Alau ta taɓa ɓallewa a 1994. Ruwan sama mai yawa abu ɗaya ne, madatsar da ba a kula da ita ba wani abu ne daban, kuma wanda ya haɗe su ya wanke masu laifi. Kwatar da muka cushe da leda, da filin hanyar ruwa da aka yanka aka sayar aka gina, ba hayaƙin Jamus ne ya yi su ba. Haka zancen Tafkin Chadi. Gaskiya ne ya ragu daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan 2,000 a shekarun 1980. Amma farin shekarun 1970 da 1980 ne babban sanadi, kuma daga baya tafkin ya ɗan farfaɗo. Wannan fari kansa yana da alaƙa da sauyin zafin tekuna, wanda wani ɓangarensa na ɗabi'a ne, wani ɓangaren kuma bincike da dama ya danganta shi da hayaƙin sulfa na masana'antun Turai da Amurka. Marubucin da ya ce tafkin yana ƙafewa kullum babu tsayawa, ranar da mai karatu ya gano ba haka ba ne, zai watsar da sauran gaskiyar da ya faɗa. Juyin ɗabi'a yana nan bai tafi ko'ina ba. Ɗumamar da muka jawo ta hau kansa ne, kamar a ƙara wa jakin da dama yake ɗingishi buhu biyu.

Akwai kuma masu rufe zancen da cewa komai ƙaddara ce. Babu musulmin da yake jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya faɗi haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana kai ɗansa asibiti, yana sa wa gonarsa taki. Sai a kan abin da ya shafi jama'a baki ɗaya ne tawakkalinsa yake tashi. Duk mun san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. An san shekarun fari suna tafe, kuma babu wanda ya jawo su, duk da haka aka tara hatsi shekara bakwai. Idan farin da ba hannun kowa a ciki ya wajabta shiri, ina ga wanda aka san sanadinsa?

Magana ta ƙarshe da ake yi ita ce, ai ba mu muka jawo ba, me ya shafe mu? Gaskiya ne Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata mu yi musu ba. A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar, a 2022, ƙasashe matalauta sun matsa har aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna. Kuɗin da aka zuba a ciki bai taka kara ya karya ba, amma amincewar kanta ikirari ne cewa akwai bashi. Bahaushen da ya tashi yana shelar cewa duk juyin ɗabi'a ne, ya yafe bashin da ake bin wasu a madadin matar da ta kwana a kan rufi, ba tare da ya tambaye ta ba. Kuma muna da namu kason a gida: gas ɗin da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta, da dazukan da ake mayarwa gawayi.

Kada kuma wani ya ce ba abin da talaka zai iya. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram sun koma barin kututturan gawo da kalgo da sabara su tofo a gonakinsu, suna sassabe su da dabara maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta hakan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Wannan bai rage zafin duniya yadda za a ji ba, amma ya rage iskar da ke binne shuka, ya ba dabbobi abinci a rani, ya ba mata itace kusa da gida. Mutanen da suka yi wannan ba su tsaya gardamar ko Sahara ta taɓa yin kore ba.

To mu marubuta fa? Kakanninmu ba su bar yunwa ta wuce babu suna ba. Ta 1914 suka kira ta Kakalaba, ta 1942 'Yar Gusau. Sun raɗa musu suna ne don jikoki su tambaya, a ba su labari, su san darajar rumbu. Mu da muke da biro da waya a hannu, shekara nawa muka yi muna rubuta labarin attajirin da ya dawo daga Dubai ya ga 'yar talla ya ƙyasa? Ban ce a daina soyayya ba, ni ma ina karantawa. Amma saurayin da ya bar ƙauye saboda shuka uku ta ƙone shi ma yana soyayya. Amaryar da kayan ɗakinta suka bi ruwa a Maiduguri ita ma tana da labari.

Sharaɗi ɗaya ne: ku yi bincike. Kada ku mayar da jarumarku malamar kimiyya mai lacca, mai karatu zai gudu. Ku je wurin tsoho ku tambaye shi wane wata ake shuka a ƙuruciyarsa, wane iri aka daina nomawa, rijiyar unguwarsu gaba nawa ce a da, nawa ce yanzu. Ku gwada abin da ya faɗa da abin da aka auna, domin tsofaffi ma suna mantuwa. Idan za ku sa lamba, ku tabbatar da inda ta fito. Ku nuna ruwan da ya fi ƙarfin kwata, ku kuma nuna wanda ya sayar da filin kwatar.

Ƙanwata, gyaran da zan ba ki ke nan: sakin layin da kika sa jarumarki tana bayanin hayaƙin masana'antu, ki mayar da shi bakin ɗanta ɗan sakandare, ita kuma ta amsa masa da abin da idonta ya gani a shekara arba'in na damina. Ki sake kawo mana shi ranar Juma'a.

Yaya kuma, fili naka ne. Idan kana da wani sanadi na ɗabi'a da ya bayyana ɗumamar shekara hamsin ɗin nan, wanda ba kewayar duniya ba, ba rana ba, ba dutse mai aman wuta ba, ka kawo shi da hujjarsa, ni zan fara yi maka godiya a bainar jama'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya. Wassalam.